Baƙaƙen Ƙwayayen Rediyon Baba

Har yau idan na ji mutum ya ce "ai gyarawa na zo yi," sai gabana ya faɗi. Autanmu ne ya ja mini wannan. Muna gaisawa da shi, ina goya ƴaƴansa, ranar suna ni ce a bakin murhu, amma maganar rediyon Baba ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe nan kusa.

Baba ya sayi rediyon ne tun yana aikin awon gyaɗa a Magariya, zamanin da gyaɗa take da martaba. Akwatin katako ce mai nauyi, sai mutum ya rungume ta da hannu biyu kafin ya ɗaga, gabanta an ja wani yadi mai ruwan zuma. A bayanta akwai kwali mai huji-huji. Idan ka leƙa ta hujin za ka ga kwalabe huɗu a tsaye, kowace tsawon yatsa, da ɗan jan garwashi a cikinta in an kunna. Waɗanda suka yi lakkwal, wato boko, suna ce musu lamp. Mu a gidanmu ƙwai muke cewa, kamar dai ƙwan fitila, kuma wannan sunan ne ya cuce mu daga baya.

Kowane ƙwai yana da wani baƙi mai sheƙi a kansa, kamar an shafa masa kwalli ta ciki. Ina yarinya na taɓa ce wa Baba sun ƙone. Ya yi dariya ya ce, "Uwata, baƙin nan shi ne lafiyarsa. Ranar da kika ga kansa ya yi fari, iska ta shige shi, ya mutu." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Haka kuwa aka yi. Wata shekara ɗaya daga ciki ya yi fari fat kamar alli, daga ranar rediyon ta daina kama tasha. Sauran ukun su ne masu fitar da murya, suna nan lafiya lau. Sai Baba ya ja waya daga ƙaramar manyeto ɗinsa, rikodar nan mai cin kaset, ya soka a wani rami da ke bayan rediyon, kaset na juyawa a manyeto, murya na fitowa ta babbar akwati. Farin ƙwan ya bar shi a gurbinsa, ya ce ba ya cin tuwon kowa.

Baba mutum ne mai tsirfa a kan sauti. Maƙwabta sun gaji da yi masa tsiya. Ya taɓa ciro lasifikar wata matacciyar rediyo ya ɗora a bakin randa, wai ya ji ko muryar za ta yi kauri. Ta yi kauri har ta wuce misali, mai magana ya koma kamar ya faɗa rijiya. Ya gwada tulu, ya gwada ƙwarya, ya gwada garwa. Garwa ita ce ta fi muni, kowa ya koma magana ta hanci. Inna ta yi kwana da kwanaki tana cigiyar tukunyar miyarta, ashe tana ɗakinsa da lasifika a baki. A ƙarshe ya yarda cewa akwatin katakon ta fi su duka, sai ya koma neman mata mazauni. A ɗakin siminti mai rufin kwano muryar tana ƙara tana dukan bango. A ɗakin ƙasa mai azara kuwa sai ta kwanta. Ya ajiye ta a kusurwa bisa bargo mai ninki, ya rataya tabarma a bangon da ke fuskantarta. Akwai wani gurnani da take yi a ƙasa-ƙasa, shi ma ya samo maganinsa: ya kafa ƙarfe a ƙasa bayan taga, ya ɗaura masa waya, kullum in ya gama alwala sai ya juye sauran ruwan buta a gindin ƙarfen. Inna takan ce, "Malam, ita ma rediyon taka sai an ba ta ruwa kamar akuya?"

Abin da ya fi ƙauna a jikinta shi ne ba ta da gaggawa. In ka murɗa ta, ba za ka ji komai ba. Sai ƙwan sun yi ɗumi, garwashin ya yi ja, sannan murya ta taso daga nesa, tana matsowa a hankali har ta cika ɗaki. Yakan ce rediyonsa tana da tarbiyya, sai ta yi sallama take shigowa.

Kaset ɗin da ake magana a kansa ɗaya ne. Da kasuwar gyaɗa ta mutu, Baba ya tafi kurmi, can kudu, neman aiki, ya daɗe bai dawo ba. Inna ba ta rubutu, sai ta yi yadda matan lokacin suke yi: ta ari manyeto, ta zauna ta yi masa magana a kaset, ta ba wani direba ya kai masa. Babu wani abin kirki a ciki. Ta fara da gyaran murya, ta tambayi wani da ke gefe, "To, in yi magana?" Daga nan sai gaisuwa, sai labarin tunkiya da ta haifi biyu, sai indararon da ya faɗi, sai faɗa a kan ya aiko da yadi bai aiko da ɗankwali ba. A tsakiya ana jin zakara, ana jin ni ina kukan wani abu, ta ce a fitar da ni. Wajen ƙarshe ta yi dariya, ta ce ba ta san me ake faɗa wa akwati ba, ya dai dawo.

Bayan rasuwar Inna, wannan kaset ya zama abincin Baba na la'asar. Kunnensa ya riga ya yi nauyi. Irin nauyin da in ka yi magana a hankali ba ya ji, in ka ɗaga murya kuma ya toshe kunne ya ce kana huda masa kai. Salula ba ya jin ta ko kaɗan. Ƙananan rediyoyin kasuwa kuwa, cewa yake kamar ana suyar ƙosai. Muryar da ke shiga kunnensa ta zauna, ba tare da ta yi masa ciwo ba, ita ce wadda ke fitowa daga wannan akwati. Yakan murɗa rediyon ya danna manyeto lokaci guda, don haka muryar Inna ba ta faɗo masa kwatsam. Tasowa take kamar daga madafa, ta ratso tsakar gida, ta iso bakin ƙofa. Ni kaina, da kunnena lafiya lau, na sha juyawa in dubi ƙofar.

Ina koyarwa a Dungas a lokacin, sai ƙarshen mako nake shiga taksi in zo gida. A tsakanin nan ne Auta ya dawo daga Libiya, da jaka mai taya da agogo mai faɗin faifai, da tabbacin cewa duk abin da ke gidanmu tsohon yayi ne. Ya canza makullin ƙofa. Ya sare reshen darbejiyar da Baba ke zama a ƙarƙashinsa, wai yana zubar da ganye. Waɗannan duk na haɗiye.

Ranar wata Asabar na iso da hantsi, na tarar da Baba a zaure maimakon ɗakinsa. Bai ce mini komai ba ban da sannu da hanya. Da na shiga ɗakin, ga rediyon a ƙasa, an cire kwalin bayanta an jingine. A kan bargonta kuma an ɗora wata baƙar roba mai fitilu ja da kore suna zagaye kamar motar ƴan talla. Na durƙusa na leƙa cikin akwatin. Gurabe uku wayam. Farin ƙwan nan, mataccen, shi kaɗai ke tsaye, har an goge masa ƙura.

Na fito tsakar gida na ƙwala wa Auta kira, ban damu da wa ke ji ba. Ya fito yana sakace, fuskarsa cike da fara'ar wanda ke jiran a sa masa albarka.

"Yaya, kin ga aikin? Rediyon nan da ma ciwo gare ta. Ba ta kama tasha, in an kunna sai an yi ta jira, ga zafi kamar murhu. Na sa turnabis na kwance ƙusoshin na buɗe, sai na ga ashe ƙwai uku duk sun ƙone, sun yi baƙi ƙirin. Ɗaya ne kawai mai rai."

"Wanne ne mai ran?"

"Farin mana. Yo ke ba ki san ƙwan fitila ba? In ya yi baƙi ai ya gama."

Wallahi sai da na dafa bango. Mutum ya buɗe abin da bai sani ba, ya tarar da masu rai uku da gawa ɗaya, ya kwashe masu ran ya zubar, ya goge wa gawar ƙura! Kuma Baba yana gidan, taku kaɗan ne tsakaninsu. Ni ma ina da salula. Da ya buɗe baki ya yi tambaya, da ko jaririn gidan ya faɗa masa. Amma a'a, shi ya je Libiya.

Na ce, "Ina ka kai su?"

Ya ce ya je kasuwa da niyyar sayo sababbi, ya zagaye rumfunan masu kayan kuran, wato lantarki, kaf, kowa ya ce bai taɓa ganin irinsu ba. Shi ne ya jefa su a juji, ya sayo wa Baba bafal, lasifikar zamani. Har ya sa an juye kaset ɗin a kan ɗan katin nan na salula. "Yanzu ko jira babu. Kina dannawa Inna za ta fara. Ai murya murya ce, Yaya."

Ya shiga ya danna baƙar robar don in gani. Wata mata ta fara yin ihu da Turanci daga cikin robar tukuna, sannan muryar Inna ta faɗo ɗakin kamar an watsa tsakuwa a kwano. Kalmomin nata ne, ban musa ba. Amma duk taushin ya tafi, sai kaifi, sai wani dum-dum a ƙasa kamar ana daka. Na leƙa zaure, na ga Baba ya sa tafin hannu ya rufe kunnensa na dama, yana kallon ƙasa.

Na nufi juji. Babu juji. Lokacin sharar gona ne, kuma kamar kowace shekara, an zo da amalanken shanu an kwashe tarin bayan gida kaf an kai gonarmu ta hanyar Waca a matsayin taki. Na hau babur ɗin kabu-kabu da kayan da na zo da su a jikina. Na tarar an riga an baza takin. Na bi kunya-kunya da kara a hannu ina tona toka da kashin awaki da tsummokara, rana tana dukana, masu wucewa suna yi mini sannu suna kallon juna. Malamar lakkwal guda tana tonon juji. Na sami gindin ɗaya, da ƴan ƙusoshinsa a jere, kwalbar ta tafi. Kofaton sa ne ko tayar amalanke, oho. Sauran biyun suna can, gero ya yi ta fitowa a kansu shekara da shekaru.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne yadda gidan ya ɗauki maganar. Gwaggo ta ce in ji tsoron Allah, yaro ya yi don alheri. Matar Auta ta daina gaishe ni da kyau. Shi kuwa Baba, da Auta ya zo ya tsuguna gabansa, cewa ya yi, "Allah ya yi maka albarka, ka kyauta." Na san dalilinsa, ba ya son ƴaƴansa su raba hanya a kan akwati. Amma da la'asar ta yi, ya idar da salla, sai na ga ya ɗauki buta ya zagaya bayan taga, ya juye ruwa a gindin ƙarfen nan, ya dawo ya zauna a ɗakin shiru. Na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska.

Daga nan na shiga neman ƙwai. Na naɗe gindin da na tsinto a ƙyalle, da shi nake yawo, don lambar da ke jikin kwalbar ta tafi tare da kwalbar. A Damagaram aka nuna mini wani tsoho mai gyaran rediyo, ya duba cikin akwatin da na yi dakonta a bayan taksi, ya zazzage wani gwangwani ya ba ni uku da suka shiga gurbin. Na kawo gida ina ta murna. Muka mayar da ita kusurwarta bisa bargo, na jona manyeto, Baba ya murɗa da hannunsa. Garwashi ya yi ja. Murya ta taso. Ya karkata kai ya saurara har wajen labarin tunkiya, sannan ya ce, "Mura take yi."

Gaskiyarsa ne. Ƙwan sun tsufa, muryar ta dushe, kamar Inna ta yi magana da mayafi a baki.

Wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya samo mini wasu. Waɗannan da ƙarfinsu, har sun fi na da ƙara. Baba ya saurara, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Wannan ai ƙanwarta ce." Na sake saurare, sai na ji abin da yake nufi. Innarmu tana da ƙanwa a Waca, muryarsu iri ɗaya, amma ta ƙanwar ta fi siriri, ta fi sauri zuwa kunne. Ita ce sak a cikin akwatin, tana faɗan ɗankwalin da ba nata ba.

Ban haƙura ba. Wani abokin aikina ya sa aka aiko mini sababbi fil daga waje, a cikin kwali da auduga, wai ƙirar Rasha. Su kuma tsabta gare su har ta yi yawa. Ana jin zakara kamar yana ɗakin, ana jin shuuu ɗin kaset, ana jin kukana na yarinta tar-tar, amma Inna ta koma baya, ta zama ɗaya daga cikin kayan tsakar gida. Na shiga gauraya su: na Kano ɗaya, na Damagaram ɗaya, na Rasha a gurbin ƙarshe. Na juya su ta kowace fuska. Na matsar da tabarma, na ƙara bargo, na cire bargo. Har randa na jawo, ni da nake yi wa Baba dariya a kanta. Duk ƙarshen mako aikina ke nan, ina durƙushe bayan akwati ina ƙona yatsu, tsoho yana zaune a kan buzu yana yanke hukunci. Wani haɗin ya ce ta yi ƙuruciya. Wani ya ce tana fushi. Akwai wanda ya ce, "Wannan ta yi kusa," har zuciyata ta buga, sai ya ƙara da cewa, "amma ba ta yi dariyar daidai ba."

Auta yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallonmu. Wata rana ya ce, "Ni fa duk ɗaya nake ji." Na ce masa na sani, shi ya sa muke cikin wannan hali.

Masu ilimin abin sun ce mini ba ƙwan kaɗai ba ne. Wai waɗancan ukun sun tsufa tare da akwatin, tare da kaset ɗin, tare da kunnen mai saurare, kowa ya saba da raunin kowa. Wataƙila haka ne. Ni dai abin da na sani, kafin Auta ya ɗauki turnabis, Baba yana da matarsa kowace la'asar, bayan ya ajiye turnabis kuma babu.

Na bar haɗin da ya ce ya yi kusa, na mayar da kwalin baya, na ɗaure. Baƙar robar mai fitilu tana ɗakin Auta, matarsa na jin waƙa da ita.

Wata Asabar na iso ana idar da la'asar. Na ajiye jakata a tsakar gida, na ji ƙarar murɗa rediyo daga ɗakin Baba, na ji ya danna manyeto. Na tsaya a bakin ƙofa ban yi sallama ba. Yana zaune a kan buzu, ya juya wa akwatin kunnensa mai ɗan dama-dama, idonsa a rufe. Ɗakin shiru, sai ɗan jan haske ta hujin kwali. Can daga nesa abin ya fara tasowa, gyaran muryar nan, ƙasa-ƙasa, tun ba a rarrabe ta wace ce ba. Kafin ta kai ga "To, in yi magana?" sai ya miƙa hannu ya kashe.

Na zaci wani abu ne ya lalace. Na shiga na ce, "Baba, ta sake yin gurnani ne? In duba?"

Ya ce, "A'a, Uwata, bar ta. Lafiyarta lau."

"To me ya sa ka kashe?"

Ya shafa gefen akwatin inda ya fara ɗumi. Ya ce, "In ta iso, ba ita ba ce. Amma tahowar, har yanzu tata ce."

Ya jira ƙwan suka huce, ya mayar da kaset baya, ya sake murɗawa. Na fita na bar shi. A tsakar gida na ci karo da Auta, ya ji ƙarar murɗawar shi ma. Ya washe baki ya ce, "To, ba ga shi tana yi ba?"

Na ɗauki jakata na wuce ɗaki, don in na buɗe baki a lokacin, Baba zai ji, ko da kunnen nasa.